Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Lacca a Kan Ciwon Dajin Furostet na Maza



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena da yayyena da ƙannena na Gaya da Ajingi, har da waɗanda suka yi sammako daga Kademi da Shagogo da Toranke da Balare, sannunku da zuwa.

Kafin in ce komai sai na nemi afuwa. Maganar yau ta ƙasan cibiya ce, ga shi kuma a zauren nan akwai sa'o'in mahaifina. A tarbiyyar da aka yi mana, yaro ba ya ambaton fitsari da maraina a gaban manya. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kunyar nan da muke taƙama da ita ta raka maza da yawa kabari. Ku yi mini haƙuri in kira kowane abu da sunansa.

Gaya garin maƙera ne tun fil azal. Labarin kaka da kakanni ya ce a nan aka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya tafi da ita Daura, kuma maƙeran nan ne, Abagayawa, suka bi tama har gindin Dala kafin Kano ta zama Kano. Saboda haka ba ni zan koya muku cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe ba. In ya huce, ko masaba ta fi ta kowa nauyi, wahalar banza ce. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan maganar ya rataya.

Mene ne furostet, kuma a ina yake?

A rediyo kun sha jin ana cewa "dajin mafitsara". Sunan ya bi baki, amma yana rikita mutane. Mafitsara ita ce jakar da ke tara fitsari, kuma tana da nata dajin daban, wanda a ƙasashenmu yake da alaƙa da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da yara ke kwasowa wurin wanka a kogi da kududdufi. Abin da muke magana a kansa yau wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsara, likitoci suna kiranta furostet. Namiji kaɗai ke da ita. A jikin saurayi girmanta bai wuce goro ɗaya ba. Bututun da fitsari ke bi ya fito waje ya ratsa ta tsakiyarta, kamar yadda tsinke ke ratsa tsire. Ta bayanta kuma dubura ce, 'yar fata ce kawai ta raba su. Aikinta shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Abin da ke ciyar da ita kuwa sinadarin mazakuta ne, wato testostiron, wanda maraina ke samarwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen maganar magani.

Ciwo uku ne ke kama wannan tsoka. Na farko ƙwayar cuta ta shige ta, ta kumbura, mutum ya ji zafin fitsari da zazzaɓi. Wannan ko matashi yana samu, kuma magani na warkar da shi. Na biyu kumburin tsufa. Na uku daji. Rashin bambance na biyu da na uku shi ne tushen ruɗanin da muke ciki.

Kumburin tsufa

Da namiji ya haura arba'in, furostet ɗinsa yakan fara ƙara girma a hankali. Kusan rabin mazan da suka kai sittin suna da wannan, a cikin 'yan tamanin kuwa ɗaiɗaiku ne suka tsira. In ya girma sai ya matse bututun nan, kamar an taka tiyo a gonar rani. Alamomin kun san su, ko da ba ku taɓa faɗa wa kowa ba. Mutum ya ɗauki buta sau huɗu, sau biyar kafin asuba. Ya tsuguna ya yi ta jira kafin fitsarin ya zo, in ya zo kuma ba ƙarfi, yana yankewa. Ya yi tsarki, ya yi alwala, yana tayar da kabbara ya ji ɗigo a wando. Ya kasa zaman huɗubar Juma'a har ƙarshe. Ya shiga motar Kano, kafin a kai Wudil ya fara roƙon direba ya tsaya.

Albishirinku: yawancin masu wannan hali ba daji ke damunsu ba, kuma kumburin tsufa ba ya rikiɗa ya zama daji. Sarki Charles na Ingila da kansa ya shiga asibiti a Janairun 2024 aka yi masa aikin wannan kumburi, fadarsa ta sanar wa duniya. Akwai ƙwayoyin da ke sassauta matsin, akwai masu rage girman tsokar, in abin ya ƙi a yi aiki a buɗe hanya. Sai dai ba a raina shi. Fitsarin da ya rasa hanyar fita baya yake komawa, ya lalata ƙoda. Kuma mutum ɗaya yana iya haɗa kumburin da dajin a lokaci guda, shi ya sa ko wanne ne, sai an duba.

Dajin da ba ya magana

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana, suna haihuwa suna mutuwa bisa tsari. Daji shi ne wasu daga cikinsu su kangare, su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, su ci maƙwabtansu, daga baya su bi jini su yi sansani a wani wuri.

Ga inda matsalar take. Kumburin tsufa a tsakiyar tsokar yake farawa, daf da bututu, shi ya sa yake saurin tona kansa. Shi kuwa daji, galibi daga gefe yake farawa, ta baya, nesa da hanyar fitsari. Yana iya shekaru a nan mutum na nomansa, yana cin tuwonsa, fitsarinsa lafiya lau. Hausawa sun ce jiki magayi. A wannan ciwon, jiki ba ya gaya maka komai sai aski ya zo gaban goshi.

In ya tashi magana, yawanci ta ƙashi yake yi, domin ƙashin baya da na ƙugu ne wurin da ya fi son sauka. Sai ciwon baya mai naci wanda ba ya barin mutum ko yana kwance, ya ma fi tsananta da dare. Sai rama ba dalili, da kasala, da ƙarancin jini. Wani ya ga jini a fitsari ko a maniyyi. Wani fitsarin ya tsaya cak. Wani kuma dajin ya danne lakar baya, ƙafafu su mutu.

Mu ƙaddara wani manomi ɗan shekara sittin da biyu. Bayan girbi ya fara jin baya. Ya ce ai noma ne. Abokan hira a majalisa suka ce basir ne, wasu suka ce sanyi ne. Ranar kasuwa ya tsaya wurin mai lasifika, wanda garin maganinsa ɗaya ke maganin basir da sanyi da shawara da raunin mazakuta, ya saya. Bai ji daɗi ba, ya koma kemis, aka haɗa masa ƙwayoyin kashe zafi, ya yi wata shida yana sha, ƙodarsa na jin jiki. Da ƙafa ta fara ja, sai aka ce jifa ne, aka fara zargin ɗan'uwan da suke rigimar gona. An sayar da akuya, an sayar da buhunan gero, an shekara biyu ana zagaye. Ranar da aka cicciɓe shi a mota zuwa Kano, likita ya duba ya ce an makara. Ban ambaci sunan kowa ba, amma na ga wasunku suna gyaɗa kai. Kuɗin da wannan bawan Allah ya kashe a hanya ya ninka kuɗin gwajin da zai tona ciwon tun yana ɗanye sau da yawa.

Abin da alƙaluma suka ce

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2022 maza kusan miliyan ɗaya da rabi ne aka gano suna da wannan daji, kuma ya kashe kusan 400,000. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kowane kama maza: kimanin mutum 18,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuma sun haura 11,000. Ku raba da kwanakin shekara. Kullum ta Allah kusan mutum 50 ne ke kamuwa, fiye da 30 ke rasuwa.

Yanzu ku kwatanta. A Amurka, a 2024, an ƙiyasta sababbin masu ciwon kusan 299,000, mamata kuma kimanin 35,000. Wato a can, in an gano mutum 100 a shekara, ana binne kamar 12. A nan ana binne fiye da 60. Ciwon ɗaya ne. Abin da ya raba mu da su, su suna kama shi tun yana cikin tsokar, mu kuma sai ya shiga ƙashi muke zuwa. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi ɗaukar nauyin, domin mutane na ƙara tsawon rai.

Wa ya fi shiga haɗari?

Abu uku ne tabbatattu. Na farko shekaru: da wuya a gan shi ƙasa da arba'in, daga hamsin kuma sai hawa. Na biyu jini: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyu. Har dajin mama a wajen uwa ko 'yan'uwa mata yana iya zama manuniya, domin akwai gadon da ke haɗa su. Na uku launin fata. A Birtaniya an lissafa cewa cikin kowane maza takwas ɗaya zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a baƙar fata ɗaya ne cikin huɗu. Mu ne baƙar fatar, babu wanda za mu tura wa wannan lissafi.

Ƙiba mai yawa da shan taba suna sa ciwon ya fi muni in ya zo. Amma kada wani ya yaudare ku da cewa akwai abincin da ke hana shi. Zogale da tumatir da rama abinci ne masu kyau, ku ci, sai dai ba su maye gurbin gwaji. A Amurka an taɓa gwada ƙwayar bitamin E a kan maza fiye da 35,000 da fatan za ta kare su. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna masu shan ta sun ma fi kamuwa. In masana da dukan kayan aikinsu sun yi zato ya ƙi ci, ina ga mai gari a leda?

Ba a ɗaukar wannan ciwo wurin mace, kuma miji ba ya shafa wa matarsa. Yawan mata ba ya kawo shi, zama da mace ɗaya ba ya kawo shi. Ba sammu ba ne, ba hukuncin wani zunubi ba ne. Desmond Tutu, tsohon babban limamin coci na Afirka ta Kudu, ya yi shi. Shugabannin ƙasashe sun yi shi.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Wannan magana ta fi kowace yi mana ɓarna. Ana cewa mai daji in aka yi masa allura ko aka taɓa shi da wuƙar likita, shi ke nan ya tafi. Na san inda ta samo asali, kuma waɗanda suka faɗe ta ba ƙarya suka shirya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. An kai mutum asibiti bayan ciwo ya gama cin jikinsa, an yi masa allura, bayan sati biyu ya rasu. Sai aka ɗora wa allurar laifi, aka manta da shekara biyun da aka yi a gida. Kamar a kira masu kashe gobara bayan rumbu ya cinye, sannan a ce ruwansu ne ya ƙone hatsin.

Ni ma na yarda daji ba ya son ƙarfe, amma irin ƙin da ɓarawo ke yi wa ɗan sanda. Ƙarfen likita ne ke tona shi, shi ne kuma ke cire shi. Jikokin maƙera bai kamata su ji tsoron ƙarfe ba.

Yadda ake gano shi

Matakin farko gwajin jini ne da ake kira PSA. Wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, kaɗan daga cikinsa na shiga jini. In tsokar ta sami matsala sai ya ƙaru. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, kamar gwajin taifot. An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, amma likita yana duba shekarun mutum kafin ya yanke magana. Ku ji da kyau: hawan PSA ba shi ne daji ba. Cikin mutum huɗu da nasu ya hau, kamar uku ba su da daji. Kumburin tsufa ne, ko ƙwayar cuta, ko robar fitsari da aka sa musu. Haka kuma jefi-jefi akan sami mai daji da PSA ɗinsa bai hau ba. Saboda haka kada ka karɓi takarda a ɗakin gwaji ka yanke wa kanka hukunci. Kwana biyu kafin gwajin a ƙaurace wa iyali da doguwar tafiya a keke. Mai zafin fitsari ya bari sai ya warke da 'yan makonni. Mai shan ƙwayar rage kumburi irin finasteride ya gaya wa likita, domin tana rage lambar da kusan rabi, ta ɓoye gaskiya.

Mataki na biyu shi ne wanda maza ke gudu. Likita zai sa safar hannu, ya shafa mai, ya sa yatsa ɗaya ta dubura ya taɓa tsokar. Kun tuna na ce daji ta baya yake farawa? To daidai inda yatsa ke kaiwa ke nan. Lafiyayyen furostet sumul yake da taushi. Mai daji yakan yi tauri da gurji-gurji kamar tsakuwa. Abin ba ya kai minti ɗaya, a bayan labule, daga kai sai likita, kuma kana da ikon cewa namiji kake so. Malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure: shari'a ta halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon lalura. Matanmu sun daɗe suna jure abin da ya fi wannan a ɗakin awo da ɗakin haihuwa, domin su haifa mana 'ya'ya. Wanda ya ƙi minti ɗaya a gaban likita, yana iya wayar gari 'ya'yansa ne ke ɗaga shi suna yi masa tsarki. Wace kunyar ce ta fi?

In an ga abin zargi, sai a yi hoto, inda hali ya yi a yi na MRI, sannan a sa siririyar allura a tsinko ɗan nama a duba a madubin likita. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da daji, kuma ba ya watsa shi. Daga nan ake ba shi maki, bisa ma'aunin da wani likitan Amurka, Donald Gleason, ya tsara a shekarun 1960. A yau makin daga 6 ne zuwa 10. Mai 6 rago ne, yana iya shekara da shekaru bai motsa ba. Mai 9 ko 10 mugu ne mai gudu. Tsohon shugaban Amurka Joe Biden, da aka sanar da nasa a Mayun 2025, maki 9 ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi.

Yaushe za a fara? Ga baƙar fata irinmu, daga shekara 45 mutum ya je ya tattauna da likita a kan gwajin, ko da lafiyarsa ƙalau. Wanda ciwon ke gidansu ya fara tun 40. Sakamakon farko ne zai nuna ko duk shekara za a riƙa maimaitawa ko a ba da tazara. Dattijon da ya haura saba'in da biyar kuma ba abin da ke damunsa, sau da yawa likita zai ce a bar shi ya huta. Amma mai alama, ko shekarunsa nawa, ba shi da jira.

Magani

In an kama shi yana cikin tsokar, hanya uku ce. Ko a yi tiyata a cire furostet ɗin gaba ɗaya, ko a yi gashi da na'ura mai haske a ƙone dajin, ko kuma, in rago ne, a sa masa ido da gwaji a kai a kai, sai ya motsa a far masa. A Birtaniya an bi maza 1,643 da aka gano nasu da wuri, aka raba su a hanyoyin nan uku. Sakamakon shekara 15 ya fito a 2023: kusan 97 cikin 100 dajin bai kashe su ba, ko ta wace hanya aka bi. Nelson Mandela an yi masa gashi a 2001 yana ɗan shekara 83, ya rayu har Disambar 2013. Tutu an gano nasa a 1997, bai rasu ba sai 2021 yana da shekara 90. A nan gida, Farfesa Wole Soyinka ya tara 'yan jarida a Abekuta a Nuwambar 2014 ya ce ya yi ciwon an kuma yi masa magani, domin maza su daina ɓoyewa. A ɗaya gefen, Gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya rasu a Jamus a Disambar 2023, gwamnatinsa ta ce wannan ciwon ne. Mulki da kuɗi ba sa sa daji ya ji nauyin mutum.

Ba zan ɓoye muku ɗacin magani ba. Bayan tiyata ko gashi, maza da yawa kan sami raunin kusantar iyali, wasu na ɗan lokaci, wasu ya zauna. Wasu kan yi fama da ɗigar fitsari. Wanda aka cire wa tsokar ba zai ƙara fitar da maniyyi ba, saboda haka mai son ƙarin haihuwa ya faɗa tun kafin a fara. Ka tambayi likita duk wannan ido da ido, hakkinka ne.

In ya riga ya bazu, ba a warkar da shi, amma ana daure shi. A 1941 wani likita a Jami'ar Chicago, Charles Huggins, ya nuna cewa in aka yanke wa wannan daji sinadarin mazakuta sai ya yi laushi, kamar shukar da aka hana ban ruwa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe a kansa ake tafiya. Ana yin haka da allura duk wata ko duk wata uku, ko kuma da ɗan ƙaramin aiki a cire abin da ke samar da sinadarin a cikin maraina. Na san sunan da ake kiran wannan aiki a majalisa, na kuma san maza na tserewa daga gadon asibiti saboda shi. Ku sani allurar da aikin abu ɗaya suke yi, dukansu suna kashe sha'awa, suna sa zufa da jin zafi a jiki. Bambancin, allura kuɗi ce da ba ta yankewa, in aka tsallake ta ciwon ya farka. Aikin kuwa sau ɗaya ne. Mutumin da ya zo a kwance saboda ciwon ƙashi, sau da yawa bayan 'yan makonni yakan tashi ya koma masallaci da ƙafarsa, ya ƙara shekaru cikin iyalinsa. In dajin ya saba da wannan, akwai ƙarin ruwa na kemo da wasu ƙwayoyi, akwai kuma magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. Babu dalilin barin dattijo yana kwana yana nishi.

Abu biyu ba sa jiran gari ya waye. In fitsari ya tsaya, mara ta kumbura, a tafi asibiti a sa roba nan take. In mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun dindince, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓuce masa, a ɗauke shi a ranar. Laka in ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa.

Ina za a dosa?

A fara da Babban Asibitin Gaya ko asibitin da ya fi kusa, a ga likita, a ce masa a fili: na zo a duba mini furostet. Shi zai duba, ya nuna inda za a yi gwajin jini, ya rubuta takardar turawa in da bukata. A Kano akwai likitocin hanyar fitsari a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Abubakar Imam da aka keɓe domin irin waɗannan cututtuka, ga kuma Asibitin Murtala. Mu nan Dutse ma ba ta yi mana nisa ba, akwai asibitin Rasheed Shekoni. Gashi kuwa an daɗe ana zuwa Shika a Zariya, da Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin a ɗauki mara lafiya a yi doguwar tafiya, a sa likita ya tabbatar inda ake aiki a lokacin.

Maganar kuɗi gaskiya ce, maganin daji na da tsada. Shi ya sa nake roƙon ku shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, tun kuna da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu daji a 2021, ya ƙunshi dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya yadda ake nema. Duk da haka, mafi arahar magani shi ne zuwa da wuri.

Roƙona

Malamanmu, ku ake fara kawo wa wannan ciwo, ba likitoci ba. Dattijo zai zo bayan sallar isha, ya rage murya ya ce, "Allah gafarta malam, mai ɗigar fitsari yaya zai yi da alwala?" Ku ba shi hukuncinsa, sannan ku ƙara masa da cewa ya je asibiti, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi laccata goma.

Iyayenmu mata da ke bayan zaure, ku ne ke jin ƙarar ƙofa da dare, ku ne ke wanke wando. Kun riga kowa sani. Ku faɗa wa maigida cikin hikimar da Allah ya ba ku, in ya ƙi ji ku gaya wa babban ɗansa ko amininsa.

Samari, nauyin jinya a wuyanku yake sauka. Wanda ke aika wa mahaifinsa shadda da sallah daga Kano ko Legas, bana ya haɗa da kuɗin gwaji, ya zo da kansa ya raka shi. Ka kuma tambayi dattawan gidanku abin da ya kashe kakanka. In aka ce ciwon baya ne da tsayawar fitsari, to ka san da kai ma ake.

Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, talaka abin da ya ga babba ya yi shi yake yi. Ranar da aka ga dagaci ya miƙa hannu an ɗebi jininsa, ya fito yana dariya, rabin aikin ya ƙare.

Ajali na hannun Allah, babu likitan da ke ƙara wa mutum kwana. Amma tsakanin dattijon da ya cika a kan ƙafafunsa da wanda ya shekara biyu a kan tabarma ana juya shi, akwai tazarar da Allah ya bar mana mu yi ƙoƙari a cikinta. Duk wanda ya kai arba'in da biyar a zauren nan, ƙarfensa na cikin wuta yanzu. Kaka na zuwa, kuɗi zai shigo hannu. A ware na gwaji kafin a ware na biki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da duniya lafiya.  Wanda ke da tambayar da ba ta faɗuwa a cikin taro, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi.